Gagara-Akuya

Duk wanda ya taɓa rainon fure a ƙasar Tudun Wada ya san babban abokin gabarsa ita ce akuya. Fari yana zuwa ya wuce, gara tana da magani, amma akuya ba ta da ranar hutu. Sai ka shafe rani kana jidar ruwa a kafaɗa, shuka ta yi kore ta fara ba ka sha'awa, ka juya ka yi sallar la'asar, ka dawo ka tarar da kara tsaye babu ganye ko ɗaya. Saboda haka ranar da Alhaji Ukasha, shugaban Ƙungiyar Masu Rainon Furanni da Ƙawata Filaye, ya dawo daga tafiya da rassan wani fure a bayan motarsa, ya ce wannan akuya ba ta cin sa, 'yan ƙungiya suka ɗauka zolaya ce. Aka dasa shi a fili babu shinge, aka koma gefe aka zuba ido. Akuyoyin garin Burumburum suka zo suka shinshina, suka kau da kai suka wuce. Tun daga ranar aka raɗa masa suna gagara-akuya.

Furen kuwa ba shi da makusa a ido. Ganyensa siriri ne dogo mai duhun kore, furensa ruwan hoda, idan ka karya reshe sai wani farin ruwa ya fito kamar madara. Rani bai dame shi ba. Kafin a ankara ya shiga ƙofar gidajen masu hali da gidajen mai, daga Bebeji har Doguwa, kuma duk inda ya shiga sunan ƙungiya ya shiga tare da shi.

Hafizu shi ne kakakin ƙungiyar. Duk mako zai zauna a inuwar mangwaron da ke bakin lambunsa ya naɗi murya ya tura wa 'yan'uwa a waya: wane ya samu aikin shuka ciyawa a gidan wani ɗan kasuwa, matar wane ta sauka, a kasuwa kaza baƙar ledar raino ta yi sauƙi, ran kaza akwai taro kada kowa ya makara. Allah ya ba shi murya, har ana tsokanarsa cewa gidan rediyo ya yi asara. Alhaji Ukasha kawunsa ne, wan mahaifiyarsa. Shi ya koya masa riƙon almakashi, fadamar da lambunsa yake a kai ta Kawu ce, injin ban-ruwan ma na Kawu ne. Ko aurensa da Sumayya, Kawu ne ya shige gaba aka yi. Hafizu bai taɓa jin nauyin wannan ba, don bai taɓa son wani abu da Kawu ba ya so ba.

Akwai wata al'ada da ƙungiyar take tinƙaho da ita. Kowane ɗan ƙungiya yana da makiyayinsa. Idan an yanke ciyawa ko an yi wa shinge aski, ba a zubar da ganyen. Tarawa ake yi a shanya, a ɗura a buhu a ba makiyayi, shi kuma ya kawo takin shanu. Ba a maganar kuɗi, kuma duk wanda ya ƙone ganye alhali makiyayinsa yana nema, sai ya sha faɗa a taro. A wurin da ake yawan kai ruwa rana tsakanin gona da garke, su ba su taɓa samun ko cacar baki ba, kuma Alhaji Ukasha ba ya gajiya da faɗin haka a gaban baƙi.

Makiyayin Hafizu shi ne Idi, wanda rugarsu take bayan Burumburum. Sun daɗe tare har abin ya wuce ganye da taki. Idi yakan ce bai taɓa ganin ƙato da gemu yana noman abin da ba a ci ba sai Hafizu. Hafizu kuma yakan ce gara shi da mai bin bayan nama tun safe ya kwana da fura. Sobajo yake kiran Hafizu, wato aboki, kuma matan rugar sun san ƙarar babur ɗinsa.

A shekarar da abin ya faru, shingen gagara-akuya da ya zagaye lambun Kawu ya yi tsawon da dole a yi masa aski na gaske. Hafizu ne ya yi askin. Ya tattara ganyen ya haɗa da ciyawar da aka yanke a tsakiyar lambun, ya shanya, ya cika buhuna, Idi ya zo da amalanke ya kwashe ya jibge a kan rumfa don ajiyar bazara. Ba wanda ya kawo komai a ransa. A lissafin mai fure, abin da akuya ta ƙi, iyakarsa saniya ta ture shi da hanci ta ci ciyawarta. Su da suke kallon dabba ta bayan shinge, ina za su san cewa idan ganye ya bushe ya cakuɗa da ciyawa, saniyar da bazara ta matsa ba ta tsayawa zaɓe?

Da zafi ya yi zafi, kiwo ya ƙare a daji, Idi ya fara sauko da buhuna. Wani bijiminsa ya kwanta da safe yana dalalar da miyau yana nishi, kafin azahar aka sa masa wuƙa. Ba a jima ba wata karsana ta bi shi, ita ko wuƙar ba a samu sawa ba. Idi ya ce wata cuta ce ta shigo, ya sayo allurai, ya yi jiƙe-jiƙen da ya gada. Hafizu ya je ya yi masa jaje da zuciya ɗaya, har ya sa labarin a saƙon mako ya roƙi 'yan ƙungiya addu'a.

Tunkiyar Sumayya ce ta buɗe masa ido. Akwai ragowar buhu guda da ya kawo gida ya jingine a bayan ɗaki, tunkiyar ta tsinke igiya ta yage shi ta ci. Da ya dawo cin abincin rana ya tarar da ita kwance, miyau yana zuba, cikinta yana harbawa, irin nishin nan da ya ji a rugar Idi. Ya duƙa ya zaro abin da ya rage a bakinta. Busasshen ganye ne siriri dogo. Sumayya tana ta mitar asararta, shi kuwa idonsa yana kan ganyen.

Duk da haka ya so a ce ƙarya idonsa ya yi. Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi ya je sayen leda, ya ratsa rumfar wani malamin dabbobi, ya ciro ɗanyen ganyen daga aljihu kamar abin bai dame shi ba, ya tambaya ko ya san shi. Mutumin ya juya ganyen ya ce ya san shi sarai, dafi ne tun daga saiwa har fure, ɗanye ko busasshe, ɗan kaɗan ya isa ya kayar da sa. Ya tambayi inda ya samo. Hafizu ya ce a hanya ya tsinta. Ya hau babur ya manta ledar da ya saya a rumfar mutumin.

Bai biya gida ba, lambun Kawu ya wuce. Ya same shi a tsakiyar dubban ledojin gagara-akuya da aka jera layi-layi, yana nuna wa masu ban-ruwa inda suka tsallake. Babban taron shekara ya matso, kuma a bana ƙungiya ta yi shelar za ta raba furen kyauta ga masu unguwanni da makarantu da masallatai na ƙananan hukumomi huɗu na yankin. Hafizu da bakinsa ya yi shelar, ya maimaita ta har yara sun haddace. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya roƙi su keɓe, ya faɗa masa komai, tun daga bijimin Idi har rumfar malamin dabbobi.

Alhaji Ukasha ba mugun mutum ba ne, kuma duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin ya san tsoro ne ya kama shi.

"Wa ka faɗa wa?" ya tambaya.

"Babu kowa, Kawu."

"To ka riƙe bakinka sai an wuce taro."

Hafizu ya ce ai akwai sauran buhuna a kan rumfar Idi. Kawu ya ce shi Hafizu ya nemi dabarar da zai yi ya raba Idi da su ba tare da ya ambaci furen ba. Ya ce an riga an gayyato baƙi daga Kano, an ɗinka anko, an yi hayar rumfuna. Idan maganar ta fita yanzu, ba taro kaɗai za ta rushe ba, duk gidan da aka dasa furen sai an kira mai dashen an ci masa mutunci, kuma ba wanda ya san yadda samarin ruga za su ɗauke ta. Bayan taro za a bi 'yan ƙungiya a hankali a ce kowa ya daina haɗa ganyen a buhu, shi ke nan magana ta mutu. Da Hafizu ya miƙe zai tafi, Kawu ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa: "Kuma ka tuna hannun wa ya cika buhunan nan."

Wannan kalmar ita ta ɗaure shi. Da ya bar lambun sai ya ga ko'ina ya juya bango ne. Idan ya yi magana, ya tozarta mutumin da ya yi masa komai, ya kuma tsaya a gaban Idi a matsayin wanda ya kashe masa shanu. Idan ya yi shiru, buhuna suna nan a kan rumfa, kuma kullum sai an sauko da ɗaya.

Washegari ya tafi ruga da dabarar da ya kwana yana saƙawa. Ya ce wa Idi yana zargin ganyen nan bai bushe da kyau ba, wataƙila ya yi fumfuna, gara a zubar. Idi ya sauko da buhu ya zura hannu ya shinshina, ya ce ƙamas yake. Hafizu ya ce to ya ba shi ya mayar, zai kawo masa wani. Idi ya yi dariya ya ce a wannan bazarar da ko kara ya zama gwal, wane wani? Ya ce in dai Sobajo kishin shanu yake don an fi kula da su, ya faɗa a dama masa fura. Maganar ta zo har bakin Hafizu. Ya dubi Idi, ya dubi samarin da ke zaune a gindin rumfa suna gyaran igiya, ya haɗiye ta. Ya ce wa kansa ai ba kowane buhu ne yake da ganyen da yawa ba, kuma taro ya kusa.

Kwanakin da suka biyo baya bai san yadda ya yi su ba. Abinci ya daina shiga. Da ya zauna naɗar saƙon mako, sai da ya goge ya sake, ya goge ya sake, don muryar ta ƙi fita yadda aka saba. A ƙarshe ya tura, yana tunatar da kowa ya zo da wuri ranar rabon gagara-akuya, furen da ya gagari akuya ya gagari rani. 'Yan'uwa suka yi ta turo masa yabo. Sumayya ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce zafi ne.

Ana cikin haka saniyar Rufaida ta faɗi. Rufaida ita ce 'yar autar Idi, kuma saniyar tata ce tun ranar suna, kakanta ne ya ba ta ita tana 'yar maraƙa, suka girma tare. Ga saniyar da ciki ya tsufa. Hafizu ya ji labari a bakin masallaci, ya so ƙasa ta tsage ya shige. Rashin zuwa jaje zai zama abin tambaya, don haka ya je. Ya tarar da yarinyar zaune inda ake ɗaure saniyar, ta ƙi shiga ɗaki ta ƙi cin abinci. Idi ya rame, amma ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa nono a ƙwarya, ya yi ta gode masa da zuwa. Ya ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Hafizu ya ce haka ne, ya kafa kai ya sha nonon, yana jin kunyar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Da ya saci kallon rumfa ya ga buhunan sun ƙare, wani sanyi ya ratsa shi, kuma wannan sanyin ya fi komai ƙona masa rai.

Ranar taro Burumburum ta cika. 'Yan ƙungiya sun zo daga Bebeji da Kiru da Badafi da Doguwa, kowa cikin koren anko, wasu a babur wasu a bayan kurkura, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da tukwanen furanninsu na nuni. An kafa rumfuna a gaban lambun Kawu, an jera kujerun roba, masu unguwanni a sahun gaba. Ledojin rabo suna gefe an yayyafa musu ruwa suna sheƙi. Tun jajibiri wasu 'yan ƙungiya suka sake yi wa shingen aski don ya yi kyau a idon baƙi, suka tara ganyen da ciyawa a bayan lambu. Kawu ya ce a kwashe a zubar, amma da yake bai faɗi dalili ba, kowa ya ɗauka ba abin gaggawa ba ne.

Aka ba Hafizu lasifika. Ya gabatar da manyan baƙi, ya kira mai addu'a, ya jero ayyukan da ƙungiya ta yi a shekara. Bakinsa yana aiki shi kaɗai, kamar injin da aka tayar aka tafi aka bari. Wani baƙo daga Kano ya tashi yana jawabi kan zaman lafiya tsakanin masu fure da makiyaya, ana tafi. A nan ne Hafizu ya hango amalanke ta ratsa ta bayan rumfuna. Idi ne, ya kawo taki gudummawar taro, ya sauke, ya juya shanun wajen tarin ganyen ya fara ɗurawa a buhu. Su kansu shanun amalanken sun miƙa wuya suna neman kaiwa.

Hafizu ya ajiye lasifikar a kan tebur. Kawu ya bi shi da ido, ya girgiza masa kai kaɗan, amma ya wuce. Yana isa ya kama igiyar shanun ya ja su baya, sannan ya riƙe bakin buhun da ke hannun Idi. Idi ya fara murmushi zai tsokane shi kan koren anko, ya ga fuskarsa ya fasa.

A tsaye a wurin Hafizu ya faɗa masa. Ya ce ba cuta ba ce, ganyen nan ne. Ya faɗi tunkiyar Sumayya, ya faɗi abin da malamin dabbobi ya ce, ya ce shi ya haɗa shi ya ɗura. Bai ambaci Kawu ba. Idi ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Ya duƙa ya ɗauki ganye ɗaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juye buhun a ƙasa ya kakkaɓe shi.

"Wannan ƙaddara ce, Hafizu," ya ce. "Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba." Ya ninke buhun. Can sai hannunsa ya tsaya. "Ranar da ka zo kana cewa fumfuna. Ka sani a ranar?"

Da Hafizu ya ce a'a, da ta wuce, don babu mai ƙaryata shi.

"Na sani," ya ce.

"Saniyar Rufaida tana tsaye a ranar. Ka wuce ta gabanta."

Idi ya ɗago ya dube shi.

"Ka dawo ka sha nono a gidana."

Bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. Ya jefa buhunan da babu komai cikin amalanke, ya karɓi igiyar daga hannun Hafizu kamar yadda ake karɓar abu a hannun wanda ba a sani ba, ya juya shanunsa.

Daga rumfa aka fara kiran kakaki, lokacin rabo ya yi. Masu unguwanni sun riga sun miƙe, an fara miƙa musu ledoji. Hafizu ya koma ya ɗauki lasifika. Ya san gobe ba shi da fadama, ba shi da inji, wataƙila ba shi da kawu. Ya yi sallama, ya ce kafin kowa ya tafi da furen nan akwai sanarwa: dafi ne, ya kashe shanu uku da tunkiya a garin nan, kuma duk ɗan ƙungiyar da ya ba makiyayinsa buhu mai ganyensa ya tashi yanzu ya je ya karɓo. Alhaji Ukasha ya yi wa mai janareta alama, lasifikar ta ɗauke. Amma an riga an ji. Wani mai unguwa ya sunkuya ya ajiye ledarsa a ƙasa, na kusa da shi ma ya ajiye, 'yan ƙungiya biyu suka ruga wajen baburansu.

Hafizu bai tsaya kallon wannan ba. Hanyar ruga yake kallo, ko Idi ya ji. Amalanken ba ta yi nisan da lasifika ba za ta kai ba, amma Idi bai waiwayo ba.